Hasumiyar Haley Hill: Wa Zai Riƙe Abin da Muka Gina?

A garin Halifax da ke Yorkshire ta Yamma, a arewacin Ingila, akwai wani cocin Angilika mai suna All Souls a kan tudun Haley Hill. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka daina taruwa a cikinsa domin ibadar mako-mako. Tarihinsa ya jefa mini tambayar da lissafin injiniya kaɗai ba zai amsa ba: idan mutum ya gina wa jama'a abin da ba za su iya riƙewa ba bayan ransa, kyauta ya bar musu ko kaya ya ɗora musu?

Wanda ya biya kuɗin ginin shi ne Edward Akroyd, attajiri mai masaƙun ulu, wanda ya taɓa wakiltar Halifax a majalisar dokokin Birtaniya. An aza harsashin a 1856, aka keɓe ginin domin ibada a 1859. Mai zanen shi ne George Gilbert Scott, wanda daga baya ya zana katafaren otal ɗin tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a Landan. Ya bi salon majami'un Turai na ƙarni na 13 da na 14: bakuna masu tsini, dogayen tagogi na gilashi mai launi, da shimfiɗar gini mai siffar gicciye. A ciki an zuba marmara da sassaƙen dutse da aikin maƙera, ba a yi ƙwauron komai ba. Hasumiyarsa ta kai ƙafa 236, wato kimanin mita 72.

Wannan adadi yana da labari. A 1857 iyalin Crossley, masu masana'antar darduma a garin, sun taimaka aka kammala wani coci na wata ɗariƙar Kirista daban, mai hasumiya ƙafa 235. Mutanen garin sun daɗe suna cewa da gangan Akroyd ya ɗara su da ƙafa ɗaya. Abin da ke cikin zuciyarsa Allah ne masani, kuma adalci ne a faɗi cewa mutumin ya gina wa ma'aikatansa gidaje masu kyau a unguwar Akroydon, dab da cocin. Sai dai dubi ƙarshen gasar. Gobara ta cinye cocin su Crossley a 1971, hasumiyar ce ta tsira. Na Akroyd kuwa ya rufe ƙofa kafin shekarun su ƙare.

Raguwar masu zuwa ibada na cikin dalilai, amma akwai dalilin da ya shafi dutsen kansa. An yi amfani da dutsen farar ƙasa mai sauƙin sassaƙa wajen ƙawata ginin. Hayaƙin kwal yana ɗauke da farar wuta. Idan ta haɗu da danshi sai ta zama ruwa mai cin irin wannan dutse, fuskarsa ta yi ɓawo, ta kumbura, ta riƙa ɓarewa. Bututun masaƙun da suka samar da kuɗin ginin suna cikin waɗanda suka yi ta fesa masa wannan hayaƙi shekara da shekaru. Da gyaran ya zo, masaƙun sun durƙushe, Akroyd ya rasu tun 1887, kuma 'yan tsirarun masu ibadar da suka rage ba su da ƙarfin ɗaukar gyaran ginin da attajiri ya yi daidai aljihunsa. A 1989 aka miƙa shi ga Churches Conservation Trust, hukumar da aka kafa a 1969, wadda take kula da majami'u fiye da 350 da aka daina amfani da su a Ingila.

Wani zai ce ba a kyauta wa Akroyd ba. Wa zai hango abin da zai faru bayan shekara 120? Kuma da kowa zai tsaya daidai abin da talakawan unguwa za su iya gyarawa, da duniya ba ta ga gini mai ɗaukar ido ba. Wannan magana tana da nauyi, ni ma ba na goyon bayan a hana wuraren ibada kyau. Amma ba sai an san gaibu ba kafin a san cewa rufi zai yi yoyo, indararo zai toshe, dutse zai gaji. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ginin da ba a yi wa yaɓe, damina ce za ta gaje shi. A aikinmu, zane bai kammala ba sai an lissafa kuɗin kula da ginin tsawon rayuwarsa. Saboda haka a ganina kyauta ba ta cika ba sai an haɗa ta da abin riƙe ta. Wannan ita ce hikimar waƙafi: a gina masallaci, a tsayar masa da shaguna ko gona da za su ciyar da shi.

'Yan'uwa, ba na kawo wannan labari domin mu yi wa maƙwabtanmu dariya ba. Ginin da mutane suka yi aure a cikinsa, suka yi addu'ar matattunsu, ya cancanci a dube shi da ladabi. Na kawo shi ne domin mu ma muna cikin zamanin gini. A Birtaniya da Amurka muna tara kuɗi, muna sayen tsofaffin gine-gine, wasu ma majami'u ne a da, muna mayar da su masallatai da makarantu. Ranar buɗewa kowa yana son a gan shi, amma kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu da gyaran rufi ba su da mai roƙo. Wani lokaci ma ƙafa ɗayan nan ta Akroyd tana leƙowa cikin shawarwarinmu: namu ya fi na su wane.

Kafin mu ƙara wa hasumiya tsawo, mu tambayi kanmu: nawa ginin zai ci a shekara, daga ina kuɗin zai fito, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin wurin nasu ne har su ɗauki nauyinsa? Idan kwamiti ya ware kaso na kowace gudunmawa domin asusun gyara tun daga ranar farko, ya yi wa jikoki adalci. Allah Ya tsarkake niyyarmu, Ya sa abin da muka gina ya amfani na baya.