Hasashen Kakar Wasa da Mas'alar Ƙaddara

Hasashen kakar wasa shi ne ƙiyasta yadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa za ta kaya tun kafin alƙalin wasa ya busa usur na farko. A Gadaka, mazaunin masarautar Gudi a ƙaramar hukumar Fika, da Fataskum da ke kusa da ita, ana yin sa a teburin mai shayi da gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa. Sau da yawa gardamar kan tashi daga batun 'yan wasa ta faɗa batun aƙida, domin da wani ya ce "bana kofi namu ne" za a samu mai ce masa gaibu sai Allah.

Ƙungiyar kwaleji ita ce ta fi fito da wannan mas'ala fili. Ƙungiyar ƙwararru tana iya riƙe ɗan wasanta da kwantiragi, amma ta makaranta, kamar ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Fataskum ko ta Umar Suleiman da ke Gashuwa, ɗalibai ne ke buga mata. Karatun NCE shekara 3 ne, saboda haka kowace shekara wasu na kammalawa su tafi, wataƙila har da mai tsaron gida ko ɗan gaban da aka dogara da shi. Sababbin shiga kuwa ba a san ƙafarsu ba. Ga jarrabawa, ga fita koyarwar gwaji, ga yajin aiki da kan birkita jadawali, ga zafin Afrilu da ke takura atisaye. Mai hasashe a nan yana gini ne a kan abin da rabinsa bai riga ya bayyana ba.

Malamai sun bambanta iƙirarin sanin gaibu da rinjayen zato. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta sanya abin da mutum zai aikata gobe cikin abubuwan da Allah kaɗai ya sani, kuma aya ta 23 da ta 24 a Suratul Kahfi sun hana yanke magana a kan gobe ba tare da jingina ta ga nufin Allah ba. Wannan bai rufe ƙofar ƙiyasi da alamu ba. Manomin Gadaka da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce za a yi ruwa bai zama boka ba; abin da ya saba gani ya karanta, kuma ya san hadari kan watse. Haka wanda ya duba yawan tsofaffin 'yan wasan da suka rage, da ƙwarewar koci, da sakamakon wasannin sada zumunci, ya ce ƙungiya za ta taka rawar gani. Kuskuren yana shigowa ne idan zaton ya rikiɗe ya zama yaƙini. Akwai kuma kuskure na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato mayar da "in sha Allahu" abin rufe baki, a faɗe ta alhali ba a da niyyar fitowa atisayen asuba.

Tushen gardamar ya daɗe a tarihin Musulunci. Jabariyya, waɗanda ake danganta su ga Jahmu ɗan Safwan, sun ce bawa ba shi da zaɓi. Ƙadariyya, da ake danganta farkonsu ga Ma'abad al-Juhani a Basra, sun ce bawa ne ke samar da aikinsa da kansa. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a wajajen 324 bayan Hijira, kuma aƙidarsa ta daɗe ana karantar da ita a zaurukan Borno da ƙasar Hausa, ya tsaya a tsakani: Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma yana da kasabi, wato nufi da ƙoƙarin da a kansu ake yi masa hisabi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mai raƙumi, wanda aka umarta ya ɗaure dabbarsa sannan ya yi tawakkali, shi ne aka fi kafa hujja da shi. Haka labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna cewa kauce wa haɗari ma yana cikin ƙaddara. A fagen ƙwallo, ɗaure raƙumi shi ne atisaye, da abinci, da kula da masu rauni, da zaɓen 'yan wasa bisa cancanta ba sanayya ba.

Tarihin wasan kansa ya tabbatar da ɓangarorin biyu, wato tasirin shiri da rashin tabbas. Kano Pillars ta lashe gasar Najeriya a 2012 da 2013 da 2014 a jere, abin da ke nuna shiri yana da tasiri, amma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki Kofin Tarayya a 2024 tana rukuni na biyu. Yobe Desert Stars ta Damaturu ta buga babbar gasa a 2018, ba ta daɗe ba ta sauko. A Ingila, Leicester City ta zama zakara a 2016, bayan da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta gabaci wannan.

Rashin tabbas ɗin nan shi ke tura wasu ga hanyoyin da shari'a ta hana. Neman boka ko mai duba ya faɗi sakamako, ko binne laya a bakin raga, ya fita daga riƙo da sababi, domin babu alaƙa ta shari'a ko ta hankali tsakanin layar da shigar ƙwallo. Cacar wasanni da ta yaɗu ta wayar hannu kuwa tana mayar da hasashe kuɗi, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta caca ko da hasashen ya dace.

Bayan an sha kashi, ƙa'idar da malamai da dama suka bi ita ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan sakaci ba. Ɗan wasan da ya karye ana saura mako guda a fara gasa yana da hurumin cewa haka Allah ya so. Hukumar da ta hana kuɗin mota da abinci har ranar tafiya ba ta da wannan hurumin, ko da ta faɗi kalmar.

Saura batun addu'a. Ƙungiyoyi biyu kan yi da'ira su ɗaga hannu kafin a take wasa, kowace na roƙon nasara, alhali ɗaya ce za ta ci ko a tashi kunnen doki. Amsar da malamai ke bayarwa ta dogara ga hadisin da ya nuna karɓar addu'a iri 3 ce: a ba bawa abin da ya roƙa, ko a tanadar masa ladansa a lahira, ko a kare shi daga wani sharri gwargwadonsa. Bisa wannan, ba a ɗaukar cin wasa a matsayin shaidar fifiko a wurin Allah, ba a kuma ɗaukar shan kashi a matsayin alamar an mayar da addu'a.