A Biya Bashi Kafin a Raba Gado

A shekarar 1727 hukumar Fensilbaniya ta umarci kyaftin ɗin kowane jirgin ruwa da ya kawo baƙi daga Jamus ya miƙa sunayensu a tashar Filadelfiya, kuma duk namijin da ya kai shekara 16 ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila. Mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya yi alama. Waɗannan takardu suna nan har yau, da su ne Amurkawa da yawa ke bin diddigin kakanninsu a shafuka irin su FamilySearch da Ancestry. A cikinsu akwai Hans Nikolaus Eisenhauer, wanda ya sauka a 1741. Daga tsatsonsa Dwight Eisenhower ya fito, janar ɗin da ya jagoranci yaƙi da Jamus a 1944, daga baya ya zama shugaban Amurka.

Idan muka gano kakanmu a irin wannan takarda, me muka gada daga gare shi?

Abin da zuciya ta fi so shi ne wahalarsa, kuma wahalar ba ƙarya ba ce. Sukan bi Kogin Rhine har Rotterdam, a yada zango a Ingila, sannan a shafe makonni a teku cikin yunwa da cuta. Gottlieb Mittelberger, wanda ya yi tafiyar a 1750, ya ba da labarin yadda ake tsare marasa kuɗin jirgi har sai wani ya zo ya biya, su kuma su yi masa bauta ta wasu shekaru, wani lokaci a raba iyaye da 'ya'yansu. Da suka sauka ma ba kowa ya yi maraba da su ba. A 1751 Benjamin Franklin ya koka cewa Jamusawa za su rinjayi Turawan Ingila da harshensu. Jikan da ya karanta wannan yana da dalilin alfahari.

Sai dai gonar da baƙon ya samu tana da mai ita tun kafin zuwansa. A 1737 'ya'yan William Penn suka ce akwai tsohuwar yarjejeniya da ta ba su ƙasar da mutum zai iya takawa cikin yini ɗaya da rabi. Suka share hanya, suka ɗauko gwanayen gudu, da haka suka raba ƙabilar Lenape da fiye da eka miliyan ɗaya. Jamusawa da yawa a wannan yanki suka kafa gonakinsu. A tashar Filadelfiyar kuma an sauke 'yan Afirka a matsayin bayi, waɗanda yawanci adadinsu kawai aka rubuta. Jikan Bajamushe yana buga suna ya ga sa hannun kakansa, jikan bawa kuwa sau da yawa daga takardar ciniki bincikensa ke tsayawa.

Wani zai ce laifin wani ba ya hawa kan wani. Haka ne, wanda aka haifa jiya bai ƙwace gonar kowa ba. Amma mun san ƙa'idar gado: ba a raba dukiyar mamaci sai an biya bashinsa. Magajin bai ci bashin ba, duk da haka ba zai karɓi gida ya ce bai san zancen masu bi ba. Labarin kakanni ma dukiya ce, domin da shi muke samun suna da mutunci. Mafi ƙarancin abin da za mu biya shi ne mu faɗe shi cikakke, har da sunan waɗanda aka tasa daga ƙasarsu.

Kada kuma mu ce ai zamaninsu ne, ba su san wani abu daban ba. A 1688 mutum huɗu a Germantown, cikinsu har da Francis Daniel Pastorius, suka rubuta takardar ƙin amincewa da bauta, suka miƙa wa majalisar 'yan Kwaka. Baƙi ne su ma, ba su daɗe da sauka ba, amma sun gane zalunci da suka gan shi.

Wannan tambaya ba ta Amurkawa kaɗai ba ce. Mu ma muna da gidajen da ake yi wa kirari da yaƙin kakanni, ba a ambaton waɗanda aka kamo aka kai rinji. Duk mai son kirarin gidansu, ya yarda a karanta masa sauran shafin.