Farar Barewa da Bakin Bindiga

A cikin watan Oktoba na 2014, wani yaro ɗan shekara 11 a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka ya harbe wata barewa fara fat, zabiya. Bai karya doka ba, domin tun 2008 jihar ta janye haninta a kan harbin irin wannan dabba. Duk da haka, da hoton ya bazu, sai zagi ya yi ta sauka a kan iyalinsa, har da masu barazanar kisa. A wannan kaka ɗin kuwa maharban jihar sun kashe barewa dubbai masu launin ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ce uffan. To, ina dalili? Shin launin gashi yana ƙara wa rai daraja ne?

Bari mu fara da ita dabbar. Farin nan iri uku ne. Akwai zabiya ta sosai, mai jajayen idanu da raunin gani. Akwai fara wadda idanunta baƙaƙe ne kamar na sauran. Sai kuma mai dabbare-dabbare, fari nan ƙasa-ƙasa can, wadda sau da yawa takan zo da nakasa: gajerun ƙafafu, karkataccen gadon baya, ko guntun muƙamuƙi. Duk gado ne, kuma yakan ɓuya a jinin uwa da uba masu launin kowa, sai an dace sun haɗu ya fito. Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga shi nan wani lokaci ɗan yakan fito da abin da ba a gani a jikin uwar ba.

A nan maharba suka kafa hujjarsu. Suka ce wannan ba wani jinsi ba ne dabam da ake tsoron ƙarewarsa, kuma kare ta yaɗa nakasa ne cikin garke. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai mu yi wa kanmu adalci: mutumin da ya kwana uku a kan bishiya cikin sanyi yana jiran farar barewa, ba lafiyar garke ce ta zaunar da shi ba. Fatar yake so ya rataya a ɗakinsa, baƙi su zo su yi mamaki. Abin da ya sa masu kare ta suke son ta, shi ne dai ya sa shi ma yake son ta.

Su ma masu kariyar, in tausayi ne hujjarsu, ba ta da ƙafa. Harsashi ba ya yi wa mai launin ƙasa sauƙi. Jihohin Wiskonsin da Ilinoi da Ayowa sun hana harbin farar barewa, amma ba su hana harbin 'yar'uwarta da suke kiwo tare ba. Wani ɓangare na abin ma camfi ne tsohon yayi. A tsaunukan Ostiriya an daɗe ana cewa wanda ya kashe farar dabbar dawa ba zai cika shekara ba, kuma har yau ana kafa misali da Yarima Franz Ferdinand, wanda ya harbe farar akuyar dutse a 1913, aka kashe shi a Sarayebo a watan Yuni na 1914. Mu dai mun san ajali ba ya bin launin gashi. Mutumin ya kashe dabbobi bila adadin kafin wannan.

A ganinmu, hujjar da ta fi tsayuwa ba ta haƙƙin barewa ba ce, ta haƙƙin maƙwabci ce. Barewa mai launin kowa ba wanda ya san ta. Fara kuwa duk ƙauyen sun san ta, sun san inda take shan ruwa, yara sun girma suna hangen ta da asuba. Ta zama abin kowa ba tare da kowa ya mallake ta ba. Wanda ya harbe ta ya ɗauke wa mutum ɗari abin kallonsu domin ya ƙawata bango guda. Doka tana iya ba shi dama, amma ba duk abin da doka ta halatta ne kunya take bari ba. Wannan kuwa bai ba kowa izinin zagin yaro ba.

Amma ita kariyar ma sa hannu ne cikin halitta. A 1941 sojojin Amurka suka kewaye wani fili a Seneka, jihar Niyok, domin ajiyar makamai, shingen ya rufe da barewa a ciki. Da farare suka ɓullo, kwamandan wurin ya hana a taɓa su, ana ci gaba da harbin sauran. Cikin shekaru fararen suka yawaita har suka kai ɗaruruwa, abin da daji bai taɓa yi da kansa ba. An rufe ma'ajiyar a 2000, sai muhawara ta koma kan wa zai riƙa gyaran shingen, domin in ya faɗi suka cuɗanya da na waje, farin zai sake ɓuya cikin jini.