Shin Uba Yana da Ikon Hana a Yi wa Ɗansa Fiɗa?

 Ga wata mas'ala da ke iya faɗa wa kowane magidanci a ƙasar Arewa, daga Matankari har Tibiri.

Yaro ɗan shekara biyu cikinsa ya kumbura ta ɓangaren dama, yana ramewa, ya ƙi abinci. Mutanen gida su ce saifa ce, a kai shi ga wanzami a yi masa tsaga. Sai an je asibitin Dogon Dutsi, daga nan Doso, daga nan Yamai, an ɗauki hoton ciki an auna jini, sannan likita ya ce ciwon daji ne a hanta. Irin wanda ke kama ƙananan yara ba ya da yawa, kuma yana warkuwa: a ƙasashen da ke da kayan aiki, wajen yara 8 cikin 10 suna rayuwa. Hanyar kuwa biyu ce a haɗe. Za a ɗura masa magani mai suna sisplatin ta jijiya, zubi bayan zubi, har ƙarin ya motse, sa'an nan a yanke ɓangaren da ya kamu. Allah Ya halicci hanta da wata baiwa, ko an cire fiye da rabinta, ragowar tana sake tofowa.

To, amma maganin yana da ɗaci. Yaro zai yi ta amai, ya galabaice, wani gashinsa ya zube, wani jinsa ya ragu har abada. Uban da ya ga haka ya ce a bar masa ɗansa, mun dogara ga Allah, ba mugu ba ne, tausayi ne ya rinjaye shi. Sai dai mu tambaya: wa ake tausaya wa, yaron ko idon uban da ba ya son gani? Baligi mai hankali yana da ta cewa game da jikinsa. Yaro kuwa amana ne, waliyyinsa wakili ne mai neman maslaharsa, ba mai mallakar ransa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1992, ta yanke cewa neman magani yana wajaba idan barinsa zai kai ga halaka, kuma ba a la'akari da ƙin waliyyi idan cutarwarsa ga wanda yake riƙo a fili take. Hukuncin yana sauyawa idan ciwon ya bazu har likitoci suka ce fiɗa ba ta da amfani. A nan rage wa yaro zafi a gaban mahaifiyarsa ba gazawa ba ce.

Wurin da aka fi zamewa shi ne tsakiyar hanya. Bayan zubi biyu ko uku kumburi ya saɓe, yaro ya fara wasa, ga damina ta kama, ga guzuri ya ƙare, sai uba ya ce an samu lafiya, ya komo gida ba a yi fiɗar ba. Ƙarin da ya motse bai mutu ba. Zai dawo, kuma a karo na biyu ya fi wuyar magani.

A ganina laifin nan ba na uban kaɗai ba ne. Tsakanin Dogon Dutsi da Yamai kilomita fiye da 250 ne, jiyya kuwa ta watanni ce. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗora doka ta kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jiyya, ba ta nome gonar da aka bari. Wannan kason na sahun da yake salla tare da shi ne: wasu su yi masa gayya a gonar geronsa, wasu su tara kuɗin mota bayan sallar Juma'a, mai ɗan'uwa a Yamai ya nema wa uwar yaron masauki kusa da asibiti har ranar da likita da kansa zai sallame su.