Ranar Ubangiji da Abincin Gobe



Kowace shekara idan damina ta kankama, majami'unmu sukan rage cika ran Lahadi. Kwanan baya na ziyarci wani dattijo da muka daɗe ba mu gan shi a Misa ba. Bayan mun gaisa sai ya ce mini, "Fada, ciyawa ba ta san Lahadi ba. In na ajiye fartanya, me iyalina za su ci baɗi?" Na ce, "Baba, tambayarka tana da nauyi." Na san kuma da yawa daga cikinku kuna da ita a zuci, shi ya sa nake so mu nemi amsarta tare a cikin Littafin Fitowa, sura 16.

Da Isra'ilawa suka shiga jejin Sin, yunwa ta kama su har suka yi wa Musa gunaguni. Sai Ubangiji ya riƙa sauko musu da manna kowace safiya, mudu ɗaya ga kowane mutum. Waɗansu suka ɓoye saura saboda tsoron gobe, da gari ya waye ya yi tsutsa, yana wari. Amma a rana ta shida an umarce su su tara mudu biyu, wanda ya kwana kuwa bai lalace ba. Duk da haka waɗansu suka fita nema a rana ta bakwai, suka komo hannu wofi. Haka Allah ya ciyar da su shekara 40.

Ku lura, 'yan'uwana, sai da Allah ya tanadi abincin Asabar tukuna ya umarce su su huta. Kwana shida kowa yakan fita ya tara da hannunsa, gama Allah bai koya mana lalaci ba. A rana ta bakwai kuwa mutum yakan shaida cewa zafin nema ba ya kawo samu. Manomi ne ke shuka, amma ba shi ke saukar da ruwa ba.

Mu Kirista muna kiyaye Lahadi domin a ranar ce Ubangijinmu ya tashi daga matattu. A shekara ta 304, Kirista 49 na garin Abitina, a ƙasar da ake kira Tunisiya yau, sun ba da ransu maimakon su bar taron Lahadi. Dokar Ikilisiya mai lamba 1247 ta wajabta mana halartar Misa da barin ayyukan da ke hana sujada da hutu. Ikilisiya kuwa uwa ce: ba ta ɗora laifi a kan mai jinya, ko wanda larura ta gaske ta tilasta masa aiki, gama Yesu ya koyar cewa domin mutum aka yi Asabar.

Saura magana ɗaya, ga masu hali. Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa a jeji mai tara da yawa bai yi rara ba, mai tara kaɗan kuma bai rasa ba. Sau da yawa mudu na biyu ta hannunmu yake isa gidan matalauci. Idan gwauruwa tana noma ran Lahadi don ba ta da mataimaki, laifin namu ne. Matasa, ku yi mata gayya ran Asabar. Masu shago, ku sallami yaranku su zo Misa. Iyaye mata, yarinyar da ke muku aikin gida ita ma ranar hutunta ce.

Ubangiji wanda ya ciyar da jama'arsa a jeji ya albarkaci gonakinku da sana'o'inku, ya tara mu a teburinsa ran Lahadi mai zuwa. Amin.