Hoto Biyar, Dutse Guda

A shekarar 1836 wani mai zane a Amurka, Thomas Cole, ya gama hotuna biyar na wuri guda: daji, sa'an nan makiyaya, sa'an nan ƙasaitaccen birni, sa'an nan yaƙi, daga bisani kufai. Dutse guda kaɗai bai kau ba. Nufinsa, girman kai da almubazzaranci su ke rushe gari.

Amma ba kowace faɗuwa ce horo ba. Maska tsohon garin masaƙa ne. Da hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Funtua, sai ciniki ya koma can, Sarkin Maska ma can ya ke zaune. Laifin wa? Mai hankali ba ya yi wa garin da ya ja baya dariya, gama hanyar da ta kawo arziki tana iya kaucewa.