WANDA YA BUƊE WA KOGI HANYA, LADANSA BA YA YANKEWA



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa daga sama Ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

'Yan uwa, yau a kan kogi zan yi magana, kuma na san wani zai ce, "Malam, ga matsalar tsaro, ga tsadar abinci, sai maganar ciyawa?" To ka ɗan yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe. Ciyawar nan tana cikin abin da ke hana mutane noma abincin da kake kukan tsadarsa.

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja, Auyo, Kirikasamma, Guri, har zuwa Nguru da Gashuwa, ya san kacalla. Ciyawa ce mai tsawo, tana wuce tsayin mutum, tana tsirowa a cikin ruwa ta cunkushe har kwale-kwale ya kasa ratsawa. Ta cinye fadamu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu wawushe gero da shinkafa, ta zama matattarar sauro. Kuma shekara da shekaru akwai bayin Allah da ke haɗuwa su shiga ruwan nan da lauje da adda suna sare ta, suna yashe hanya, ba wanda ya ɗauke su aiki, ba wanda ke biyansu. Masunta ne, da manoma, da Fulani makiyaya, da matasan gari. Akwai Bahaushe, akwai Babade, akwai Bamange. In damina ta yi ƙarfi kuma, za ka gan su cikin dare suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kada ruwa ya ci gari, kamar yadda aka yi a Haɗeja a ambaliyar 2020 da ta 2022.

Abin da nake so mu duba shi ne, mene ne matsayin wannan aiki a addininmu? Kuma mu da ba ma shiga ruwan, me ya rataya a wuyanmu?

Mu fara fahimtar yadda abin yake. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Ya ratsa Wudil, ya shiga Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya je ya haɗu da Kogin Jama'are wajajen Gashuwa, daga nan ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi. A da, kogin nan cika yake yi da damina ya malala, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka zo aka gama na Challawa a 1992, sai tsarin ya sauya. Malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani. Dam ya kawo alheri, Kano na shan ruwa, ana noman rani a Kura da Kadawa, ba mai musun wannan. Amma kacalla abin da take so kenan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta samu, ta bazu. In ta tsaya a hanyar ruwa sai ta rage masa gudu, laka da yashi su kwanta, hanyar ta cike. Ruwa kuwa ba ya tsayawa jiran kowa, in ka toshe masa nan zai ɓalle can. Shi ya sa za ka ga ruwa ya karkata ta Marma ya nufi Nguru yana cinye gonaki da gidaje, alhali wasu garuruwan da ke kan tsohuwar hanya suna kukan ruwa bai iso musu ba.

To, yanzu ga addini.

Na farko, ruwan kogi ba mallakar kowa ba ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sanya mutane abokan tarayya a abu uku: ruwa, da ciyawar kiwo, da wuta. Abin tarayya kuwa, kamar yadda kowa ke da haƙƙin amfana da shi, haka kowa ke da nauyin kula da shi. Mun iya ɓangaren farko sosai. Kowa ya san yana da haƙƙin jan ruwa da injinsa, da shayar da shanunsa, da jefa komarsa. In aka zo ɓangare na biyu sai ka ji, "ai na gwamnati ne."

Na biyu, Shari'a ta tsara yadda na sama zai yi da na ƙasa. A Sahihul Bukhari akwai ƙissar Zubairu ɗan Awwam (RA) da wani mutumin Madina da suka yi jayayya a kan magudanar ruwan da ke shayar da dabinonsu. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zubairu ya shayar sannan ya sakar wa maƙwabcinsa ruwan. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma an kawo hukuncin da ya yi a kan wasu kwaruruka biyu na Madina, Mahzur da Muzainib: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya saki ga na ƙasa. Ka ga an ba na sama haƙƙinsa, amma an yi masa iyaka. Saboda haka garin da zai tashi cikin dare ya datse hanya da buhuna don ruwa ya tsaya masa shi kaɗai, ko ya fasa gaɓa ya juya ambaliya kan maƙwabtansa, ya sani ya ci haƙƙin mutanen da bai ma san sunayensu ba, kuma za su tsaya da shi gaban Allah.

Na uku, buɗe wa ruwa hanya sadaka ce mai gudana. Ibnu Majah ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) jerin ayyukan da ladansu ke riskar mumini bayan mutuwarsa. A ciki akwai ilimin da ya koyar, da ɗa nagari, da Alƙur'anin da ya bari gado, da masallacin da ya gina, kuma a cikin jerin nan akwai ƙoramar da ya gudanar. Mun haddace masallaci, mun manta ƙorama, alhali a hadisi ɗaya suka zo. Sayyidina Usman (RA) rijiyar Ruma ya saya ya bar wa Musulmi, aka yi masa albishir da Aljanna. Sa'adu ɗan Ubada (RA) da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa. In rijiya ɗaya wannan ne matsayinta, ina ga wanda ya buɗe hanyar da za ta kai ruwa ga garuruwa goma? Duk shinkafar da ta tsiro, duk saniyar da ta sha, duk wanda ya yi alwala, yana da kaso in niyyarsa ta yi kyau.

Yanzu bari in amsa maganganu guda uku da nake yawan ji.

Akwai mai cewa aikin hukuma ne. Gaskiya ne, akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai gwamnatocin jihohi, kuma yashe babban kogi sai da manyan injina, hannu ba zai iya ba. Shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kuma wajibi ne mu riƙa tunatar da su cikin ladabi ba tare da gajiyawa ba. Amma nauyin da ke kan shugaba bai sauke naka ba. Malamai suna kiran irin wannan farilla ta kifaya: in wasu suka tsaya da ita har ta wadatar, an ɗauke wa saura, in kowa ya naɗe hannu, duk mai iko yana da rabonsa na laifi. Kuma ko injin ya zo ya wuce, kacalla dawowa take, domin saiwarta na nan a ƙarƙashin laka, irinta kuma iska ke ɗauka. Masu aikin sun san sai an sare ta ƙasa da saman ruwa, ruwa ya rufe kututturen ya hana shi shaƙar iska, sannan take mutuwa, kuma sai an maimaita. Wannan bibiyar ba mai yin ta sai mutanen da ke kwana a bakin kogin.

Akwai mai cewa, yaya zan yi gayya da wanda ba aƙidarmu ɗaya ba, ko ma ba Musulmi ba ne? Ɗan uwa, Manzon Allah (SAW) tun kafin a aiko shi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta. Bayan Musulunci ya zo ya yabi wannan alkawari, ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. A farkon Suratul Ma'ida Allah Ya umarce mu da taimakon juna a kan aikin alheri da taƙawa. Ambaliya in ta zo ba ta tambayar wa ke ƙabalu wa ke sadalu. Ka riƙe aƙidarka, ba wanda ya ce ka sayar, amma ka kama bakin buhun nan da maƙwabcinka. Ni a ganina ma, manomi da makiyayin da suka wuni tare cikin ruwa ɗaya suna jan ciyawa, suka ci tuwo a akushi ɗaya, zai yi wuya gobe su ɗaga wa juna makami a kan burtali.

Akwai kuma mai cewa ambaliya ƙaddara ce. Na'am, ƙaddara ce, kuma yashe kogi ma ƙaddara ce. Da Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. A Suratur Rum kuma Allah Ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata.

Mutanen birni, kada ku ce ba ruwanku. Ledar da ka jefa a kwata a Kano, damina za ta kwashe ta ta kai rafin Jakara ko Challawa, can kuma akwai mai sha, akwai mai ban-ruwan latas ɗin da za a dawo a sayar maka. Ruwan jima da na rini da ake saki ba a tace ba, nan yake zuwa. Ku tuna darasin da muka yi a Ishmawi da Risala: ruwan da najasa ta canza masa launi, ko ɗanɗano, ko ƙanshi, ba a tsarki da shi. Laka da gansakuka ba sa ɓata shi don a cikinsa suke, abin da muke zubawa ne ke ɓatawa. Wato mai zuba ƙazanta a kogi yana iya hana wani bawan Allah ruwan alwala. Manzon Allah (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma lissafa bahaya a mashaya cikin abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa. Wanda aka hana shi wannan, ina ga mai juye tifa guda ta shara?

To me za mu yi? Matashi mai lafiya da ke yankin, in an sa ranar gayya ka fita, kada sai an ce akwai kuɗin sabulu. Mai hali, waɗannan mutane suna buƙatar lauje da shebur da buhuna, da takalman roba, da man kwale-kwale, da abincin rana. Suna shiga ruwan da ke da matsattsaku da macizai, da yawa kuma suna kamuwa da tsargiya, maganinta ba tsada gare shi ba amma sai an saya. Alhaji, Umarar da za ka yi karo na biyar nafila ce, ladanta naka ne kai kaɗai. Ka zauna da malaminka ka tambaye shi tsakaninta da ceton gonakin gari guda wanne ya fi. Limamai, mu sa maganar nan a huɗuba, mu yi sanarwar ranar gayya bayan sallar Juma'a kamar yadda muke sanar da ɗaurin aure. Iyaye mata da ke dafa wa masu aiki abinci, ladanku ɗaya da na wanda ke cikin ruwa, in sha Allahu.

Ku kuma masu aikin, Allah Ya saka muku da alheri, ga nasiha. Ku gyara niyya, kada hoto da Facebook su cinye muku lada. Kada aiki ya sa a bar sallah ta wuce lokacinta. Kada a bar yara da wanda bai iya ruwa ba su shiga wuri mai zurfi. Kafin ku buɗe wata hanya ku zauna da garuruwan da ke ƙasanku, da masu unguwanni da sarkin ruwa, don kada gyaranku ya zama ɓarnar wani. In kuɗin taimako ya shigo, a rubuta, a karanta wa jama'a, domin gayya da yawa a kan kuɗi ta watse. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa ku karɓa ku gode, amma kada ku yarda a mayar da aikin na jam'iyya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga ambaliya da fari. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Allah Ya ƙarfafi masu wannan aiki, Ya sanya shi a mizaninsu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke kansu.

Wanda ke da ɗan uwa a yankin nan ya tura masa. Wallahu a'alam.